Waken Samaru da Masarar TELA: Tambayoyin da Gardamar Iri Ta Tsallake

A watan Disamba na shekarar 2019, kwamitin ƙasa da ke yi wa sababbin irin shuka rajista ya amince a fara sayar wa manoma wani wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta fitar bayan ta shafe kimanin shekara goma tana gwajinsa. Da wannan ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta halatta noman waken da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. A watan Janairu na 2024 kuma kwamitin ya sake amincewa da irin masara guda huɗu daga wannan cibiya, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, waɗanda a dunƙule ake kira masarar TELA. Ba a rufa wata biyar ba sai Majalisar Wakilai ta nemi gwamnati ta dakatar da shigar da irin GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, cikin harkar noma har ta kammala bincike, kuma tun daga lokacin magana ta rabu gida biyu a rediyo da kafafen sada zumunta: masu cewa an kawo guba don a rage yawan jama'a, da masu cewa an kawo ƙarshen yunwa. Duk wanda ya bi tarihin aikin a hankali zai ga cewa ɓangarorin biyu sun tsallake wurin da matsalar take.

Cibiyar ta Samaru, wadda aka fi sani da IAR, ta girmi jami'ar da take ƙarƙashinta da shekara arba'in. An kafa ta a 1922 a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta lardunan Arewa, aka mayar da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ita ce aka ɗora wa alhakin inganta irin wake da dawa da masara da gyaɗa da auduga a ƙasar. Duk irin da sunansa ya fara da SAM, irin su SAMNUT na gyaɗa da SAMSORG na dawa da SAMCOT na auduga, daga can ya fito, kuma manoma sun daɗe suna shuka su ba tare da wata hayaniya ba, domin an same su ne ta hanyar da kowa ya saba da ita ta aurar da iri biyu a zaɓi mafi kyau daga cikin 'ya'yansu. Abin da ya bambanta SAMPEA 20-T da 'yan uwansa shi ne harafin nan na ƙarshe, wanda ke nuna cewa a cikinsa akwai ƙwayar halittar da ba daga dangin wake ta fito ba.

Dalilin da ya sa masu binciken suka bi wannan hanya yana cikin gonar wake kanta, a makonnin da ta fara fure. Akwai wani ƙaramin ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, masana suna kiransa Maruka, wanda ke fitowa da dare ya saka ƙwai a kan tohon fure. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta shige cikin furen ta cinye shi daga ciki, ta saƙa wata 'yar yana ta haɗe fure da ganye da kwanso wuri guda, sannan ta huda kwanson ta shiga cin 'ya'yan da ba su nuna ba. Manomin da ya duƙa ya ɗaga reshe zai ga furen da ya zube a ƙasa, ya ga kwanso biyu sun manne da juna, a bakin hudar kuma ga kashin tsutsar ya taru kamar ɓarzajjen gari. A shekarar da ƙwaron ya yi yawa asarar takan kai kashi 80 cikin ɗari. Tun da tsutsar a ɓoye take, maganin feshi ba ya samun ta sosai sai an maimaita, shi ya sa mai noman wake don sayarwa yakan yi feshi sau shida har zuwa takwas a damina guda. Yadda ake feshin ma abin dubawa ne: yaro ya goya kwandon feshi a baya, ya auna magani da murfin kwalba, babu takunkumi babu safar hannu, iska tana mayar masa da feshin a fuska, ruwan maganin yana zuba masa a gadon baya.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Kano kuma take riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, ta tantance nau'o'i fiye da 15,000 tana neman wanda zai iya jure wa Maruka da kansa, ba ta samu wanda juriyarsa ta kai a gina sabon iri a kanta ba. Idan babu halin da ake nema a cikin dangi gaba ɗaya, aure tsakanin 'yan dangin ba zai samar da shi ba. Daga nan ne aka juya zuwa wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, wadda ke samar da wani sinadarin furotin mai kashe tsutsotsi na dangin malam-buɗe-littafi. Sinadarin yana narkewa ne a cikin hanjin tsutsa, inda babu tsami, ya manne a wasu gurabe na musamman a bangon hanjin ya huda shi, tsutsar ta daina ci ta mutu. Cikin ɗan Adam yana da tsami mai ƙarfi, kuma hanjinsa ba shi da waɗannan gurabe, don haka sinadarin yana narkewa kamar sauran furotin na abinci. Tun shekarun 1930 ake fesa Bt a gonaki a Turai, kuma har masu noman da ke gudun maganin ƙwari na zamani suna amfani da shi. Sabon abin da aka yi shi ne ɗauko ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin, mai suna Cry1Ab, aka dasa ta a cikin waken domin ya riƙa yin maganinsa da kansa.

A nan ya kamata a rarrabe wane ne ya yi me, domin masu yabo da masu suka duka suna cakuɗa wannan. Ƙwayar halittar mallakin kamfanin Monsanto ce, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, kuma ya bayar da ita ba tare da neman kuɗin haƙƙin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi, mai isar da fasahar noma ga manoman Afirka. Dasa ta cikin wake, wanda aiki ne da ya gagari masana shekaru masu yawa, an yi shi ne a hukumar bincike ta CSIRO a Ostareliya ƙarƙashin Dokta T. J. Higgins. Kuɗin aikin mafi yawa daga hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ya fito. Abin da Samaru ta yi, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, shi ne gwajin gona a killataccen fili tun daga 2009, da shigar da halin cikin SAMPEA 10, irin da aka riga aka sani da jure wa wuta-wuta, ta hanyar maimaita aure har sabon irin ya ɗauki kamannin tsohon, sannan gwaji a yankuna daban-daban da gonakin manoma, da tattara bayanan da hukumar kula da lafiyar fasahar halittu ta ƙasa, NBMA, ta duba kafin ta ba da izini a Janairun 2019. Wannan aiki ne na gaske kuma mai wahala, wanda ya ce ’yan Samaru sa hannu kawai suka yi bai yi musu adalci ba. Amma wanda ya ce fasahar ta gida ce tun daga tushe shi ma ya wuce gona da iri.

Game da lafiyar mai ci, abin da ake da shi a hannu ya fi karkata ga masu binciken. An fara noman masarar Bt a Amurka a 1996, Afirka ta Kudu ta bi sahu kafin ƙarshen wancan ƙarni, kuma mutanen can suna cin farar masara mai wannan hali a matsayin abincin yau da kullum fiye da shekara ashirin. A 2016 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da dogon rahoto bayan ta duba ɗaruruwan bincike, ta ce ba ta ga hujjar da ke nuna cewa irin waɗannan amfanin gona sun fi sauran hatsari ga lafiyar mutum ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan cewa waɗanda ke kasuwannin duniya sun tsallake gwajin da aka gindaya. Zancen cewa wake ko masara za su hana haihuwa ba shi da wani bincike da ya tsaya a kai. Haka nan maganar irin da aka ƙera don kada 'ya'yansa su tsira: an taɓa yi wa irin wannan fasaha rajistar mallaka a ƙarshen shekarun 1990, amma ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba, kuma tun 2000 ƙasashen duniya suka ɗora mata takunkumi. Wake shuka ne da furensa ke barbarar kansa, saboda haka manomin da ya noma SAMPEA 20-T zai iya ajiye iri ya sake shukawa baɗi, ya tsira kuma ya riƙe halinsa.

Sai dai kuskure ne a ɗauki tsoron jama'a a matsayin jahilci zalla, musamman a Arewa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, aka ba wajen rabinsu maganin, ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana daga cikin abin da ya ba ƙauracewa rigakafin shan inna na 2003 ƙarfi. Al'ummar da ta ga haka, idan aka zo mata da iri aka ce kyauta ce daga wani babban kamfanin waje da wata gidauniyar attajiran Amurka, dole ta yi tambaya, kuma amsar da ta dace da ita ita ce bayani dalla-dalla da harshenta, daga bakin mutanen da ta sani. A nan jami'ar ta yi sakaci a ganina. Yawancin bayanan da aka yi wa jama'a sun fito ne daga tarukan manema labarai a Abuja, da Turanci, bisa ɗaukar nauyin ƙungiyoyin da aikinsu shi ne tallata fasahar, alhali Jami'ar Ahmadu Bello ce ke da cibiyar NAERLS, wadda aka kafa musamman don isar da sakamakon bincike ga manoma, kuma ta daɗe tana shirye-shiryen rediyo da Hausa.

Masarar TELA ta fi waken sarƙaƙiya, kuma haɗa su a magana guda yana rikitar da mai sauraro. An tsara ta ne don ta jure wa tsutsar da ke huda karan masara, da baƙuwar tsutsar nan mai cin tsakiyar kan masara wadda aka fara gani a Najeriya a farkon 2016 bayan ta tsallako daga nahiyar Amurka, sannan ta ɗan jure wa fari matsakaici. Farfesa Rabiu Adamu ne ya jagoranci aikin a Samaru, tare da AATF da cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, da kamfanin Bayer, da kuɗin gidauniyar Gates da USAID. Amma wannan masara haibirid ce, wato 'yar aure ce tsakanin iyaye biyu da aka tsarkake, kuma duk masarar da take haka, ko an taɓa ƙwayoyin halittarta ko ba a taɓa ba, idan aka sake shuka 'ya'yanta sai yabanya ta fito ba daidai ba, amfani ya ragu. Dole manomi ya koma wurin mai sayar da iri kowace shekara. Manoman masara na Saminaka da Funtuwa da Giwa sun saba da wannan tun kafin a ji sunan TELA, amma ga wanda ya gaji ɗaure zangarniyar iri a rataye a rumbu, canji ne babba a yadda yake tafiyar da gidansa. Tan 10 a hekta da ake ambatawa kuma adadi ne na gonar gwaji, inda taki ya wadata, aka yi shuka a kan lokaci, aka yi noma yadda ya kamata. Matsakaicin abin da manomin Najeriya ke samu yana wajen tan 2, kuma abin da ya tsayar da shi a nan, tsadar taki da gajiyar ƙasa sun fi tsutsa yawa a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 darajar naira ta faɗi, buhun taki ya zama abin da ƙaramin manomi ke sayen tiya-tiya, babu kuwa ƙwayar halittar da za ta maye gurbin taki.

Shi ma waken yana da iyakarsa, wadda masu binciken ba su ɓoye ba amma masu talla sukan yi shiru a kai. Maruka kawai yake kashewa. Darɓa da ƙananan ƙwarin da ke cin fure da waɗanda ke tsotse kwanso duk suna nan, shi ya sa aka ce a yi feshi sau biyu maimakon shida ko takwas, ba a ce a daina ba. Manomin da ya ji an ce wake ne mai maganin ƙwari ya ajiye kwandon feshi gaba ɗaya zai yi asara, ya kuma ce an yaudare shi. Akwai kuma batun abin da manomi ke nema a wurin wake. SAMPEA 20-T yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, yana tsaye ba ya yaɗo sosai, ya fi dacewa da wanda zai ware masa gona shi kaɗai. Manomin Bichi ko Gumel da ke shuka kanannado ko ɗan'ila a tsakanin kunyoyin gero yana neman abu biyu ne, 'ya'ya da harawa, kuma a watannin rani ɗaurin harawa kuɗi ne a hannu, wani lokaci ma shi ke ciyar da tumakin da za a sayar da Babbar Sallah. Kasuwa ma tana da nata zaɓin: mai ƙosai da mai alale suna duba girman ƙwaya da saurin fitar dusa, 'yan kasuwar da ke loda motoci daga Dawanau zuwa Legas kuma sun san cewa jan wake ya fi daraja a can. Hali guda a cikin iri guda ba zai wadatar da ƙasar da ke noma fiye da tan miliyan 3 na wake a shekara ba, sai an shigar da shi cikin nau'o'in da mutane suka riga suka so, wannan kuwa aiki ne na shekaru da kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gardamar shi ne yadda masu tsoron guba suka bar gubar da aka tabbatar da ita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka riƙa samu a cikinsa, wanda ya ninka iyakar da suka yarda da ita ta miligiram 0.01 a kilo sau da yawa, kuma aka yi ta tsawaita haramcin. Wannan sinadari a wurin ajiya yake shiga: ɗan kasuwa ya baje wake a kan tamfal ya yayyafa masa maganin ƙwari don kada ƙwaro ya huda shi kafin farashi ya tashi, sannan ya ɗinke buhu. Waken Bt ba ya hana ƙwaron ajiya, don haka ba zai magance wannan ba. Abin da ke magance shi wani binciken jami'a ne daban wanda babu mai gardama a kansa, wato buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka faro tare da takwarorinsu na Marwa a Kamaru, cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, ta gwada shi sosai a Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007, har ana ƙera shi a Kano. Idan aka ɗaure bakin ledar da kyau iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu, babu ɗigon magani ko ɗaya. Kusan shekara ashirin ke nan, kuma har yanzu ana yayyafa wa wake guba a kasuwanni. Wannan shi kaɗai ya isa ya nuna cewa fitar da sakamakon bincike abu ne guda, kaiwarsa ga hannun kowa kuma wani abu ne dabam.

Akwai hatsari na gaske da ya kamata a sa wa ido, kuma masana ƙwari ne suka fi kowa faɗinsa. Ƙwaro yana sabawa da guba. Idan gonaki masu yawa suka ɗauki sinadari iri guda shekara bayan shekara, 'yan tsirarun tsutsotsin da suka tsira su ne za su hayayyafa, a hankali maganin ya daina aiki. An ga haka a Afirka ta Kudu, inda a 2007 aka ba da rahoton cewa tsutsar karan masara ta fara jure wa masarar Bt, kuma mai ɗauke da wannan ƙwayar halitta ta Cry1Ab ce. An gani a Indiya da tsutsar auduga, an gani a Burazil da wannan baƙuwar tsutsa da TELA ke yaƙa. Maganin da aka sani shi ne a bar wani ɓangare na gona da irin da ba shi da Bt domin ƙwarin da ba su saba ba su ci gaba da yawa su auri waɗanda suka saba, a haɗa ƙwayoyin halitta biyu a iri guda, sannan a riƙa kama tsutsotsi daga gonaki kowace shekara ana gwada su a ɗakin bincike. SAMPEA 20-T ƙwaya guda yake ɗauke da ita, ana kan aikin ƙara ta biyu, kuma masu binciken sun dogara a yanzu ga ciyayin daji da sauran waken gargajiya da Maruka ke rayuwa a kansu su zama mafaka. Hujja ce mai ma'ana matuƙar masu noman sabon irin ba su da yawa. Tambayar ita ce wa zai riƙa zagayawa yana gwajin, da kuɗin wa, a ƙasar da malamin gona guda ke kula da dubban gidaje, da yawa daga cikinsu ma ba su da babur ɗin zuwa ƙauye.

Darasin Burkina Faso ya kamata kowane mai bincike a Samaru ya riƙe shi. Ƙasar ta fara noman audugar Bt a 2008, manoma suka rage feshi, amfani ya ƙaru, cikin 'yan shekaru mafi yawan gonakin auduga suka koma kanta. Amma da aka shigar da halin cikin irin gida ba a maimaita auren yadda ya isa ba, sai zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka yi asara suka nemi diyya daga Monsanto, a 2016 aka yi watsi da ita. Babu wanda ya yi rashin lafiya, tsutsa kuma ta mutu kamar yadda aka yi alkawari. Abin da ya kayar da shirin wani hali ne da mai saye ya damu da shi, masu kawo fasahar kuma ba su ba shi muhimmanci ba. Najeriya ma ta amince da audugar Bt a 2018, kuma Gana ta fitar da nata waken mai suna Songotra-T a 2024 daga cibiyar bincike ta Nyankpala kusa da Tamale, saboda haka yankin gaba ɗaya ya shiga wannan hanya, ciki har da Nijar wadda ke biye wa Najeriya a yawan noman wake, domin iri ba ya tsayawa a Jibiya ko Maigatari ya nuna takarda.

Wannan ya kawo maganar alama. Dokar 2015 da ta kafa NBMA ta tanadi a riƙa sanya wa kayan GMO alama don mai saye ya san abin da yake saye, kuma ƙungiyoyin da ke adawa, irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey, mai fafutukar kare muhalli, suna da gaskiya idan suka ce wannan haƙƙi ne. Amma dokar an rubuta ta ne da tunanin kantin zamani mai kaya a cikin fakiti. Waken da dillali ya tara daga ƙauyuka goma ya juye a buhu guda, aka auna wa mace a kwano a kasuwar unguwa, babu inda za a liƙa masa takarda. Ko dai hukuma ta fito ta ce alamar ba za ta yiwu a kasuwar tsaba ba ta kuma kawo hujjar da ta sa hakan ba matsala ba ne, ko ta samo wata hanya. Barin doka a takarda ana yin kamar tana aiki shi ke ƙara wa zargi ƙarfi. Haka kuma bayanan gwajin lafiyar da aka miƙa wa hukumar sun cancanci a buɗe su, a bar masanan jami'o'in da ba su da hannu a aikin, na Bayero ko na Ibadan ko na Maiduguri, su maimaita abin da za su iya maimaitawa.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai tambayar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar jami'ar kai tsaye. Ayyukan biyu da suka fi ɗaga sunan Samaru a shekarun nan da kuɗin waje aka yi su, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID. Mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, kuma ya fi son biyan aikin da ke ƙarewa da bikin ƙaddamarwa a kan aikin da ba ya ƙarewa, irin su ninka tsarkakakken iri kowace shekara, da bin diddigin jabun iri a kasuwa, da gwajin tsutsa. A cikin gida akwai asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ƙungiyar ASUU a farkon shekarun 1990, kuma yana ba da tallafin bincike na gasa, amma tallafi ne na shekara biyu ko uku, alhali fitar da iri guda yakan ci shekara goma. Ga kuma yajin aiki: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato ya haɗiye damina sukutum, kuma ɗalibin digiri na biyu ko na uku da gwajinsa ya dogara ga ruwan sama, idan damina ta wuce shi sai ya jira wata shekarar.

An ƙaddamar da sayar da SAMPEA 20-T a Kano a watan Yuni na 2021, aka ba wasu kamfanonin iri 'yan ƙalilan na cikin gida lasisi, kuma ƙorafin da ya fi fitowa daga manoman da suka gwada shi a shekarun farko shi ne irin bai ishe su ba. Inda buƙata ta fi kaya yawa kuwa, mai cakuɗa wake na kasuwa ya zuba a fakiti ya rubuta suna ba ya nisa, kuma ido ba ya bambance ƙwayar da ke da Bt da wadda ba ta da shi, sai da ɗan tsinken gwaji irin wanda ba ya hannun manomi. Hukumar kula da iri ta ƙasa ce ke da alhakin wannan sintiri, amma idan manomi ya shuka jabu Maruka ta cinye masa fure, sunan da zai tuna shi ne wanda ke jikin fakitin, wato na Samaru.